Babi na Biyar: Kuɗin Goro

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na tashar Tasawa da sassafe, sa'ad da direbobin Damagaram da na Maraɗi suke jiran mota ta cika, rediyo kuwa tana rataye a ƙusa tana kawo labarun duniya, ya san akwai wata tambaya wadda ba ta tsufa. Da zarar mai karanta labari ya ce an kai hari wuri kaza, an kashe mutum kaza, sai teburin ya yi tsit, sa'an nan wani ya ajiye kofinsa ya ce, "Wai don Allah, mutanen nan Musulmi ne?" Na ji wannan tambaya daga bakin dattijo mai carbi a hannu, na ji ta daga bakin yaron mota, na kuma ji 'yar'uwarta daga bakin wani malamin lakwal Kirista, wanda ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan Musulmi a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, ranar da ya dubi limamin ƙauyen bayan la'asar ya ce, "Allah gafarta Malam, in addini bai ce a yi ba, don me suke kabbara in za su yi?" Liman ya daɗe yana jan carbinsa, kana ya ce, "Malam, ni ma in tambaye ka: waɗanda suka karkashe 'yan'uwanmu a Bangi ta Afirka ta Tsakiya, suna cewa su Kirista ne, Linjila ce ta aike su?"

Tambayoyin nan ba na izgili ba ne, bai kuma kamata a amsa su da tsawa ba, domin kowane ɗaya daga cikin masu yin su yana da mamaci a zuciya wanda yake nema wa dalili. Amma fa ƙarƙashin kowace ɗayarsu akwai rami da aka rufe da ciyawa, shi ne abin da Bahaushe ya kira kuɗin goro. Mai goro, in ya ƙirga ƙwarya, wato goro ɗari, ba ya tsayawa ya yi wa kowanne kuɗinsa. Babba da ƙarami, fari da ja, lafiyayye da wanda sankara ta fara ci, kuɗi ɗaya yake yanka musu. A ciniki wannan sauƙi ne, amma in aka ɗauko irin wannan lissafi aka ɗora wa 'yan Adam, har aka ce "Musulmi ai haka suke" ko "Kirista ai haka suke", to, an shiga babin zalunci, ko da mai faɗar bai taɓa ɗaga wa kowa yatsa ba. Maƙasudin wannan babi shi ne a ba mai karatu mizani, wanda zai rarrabe da shi tsakanin ƙungiyar da ta yi guluwwi, wato ta ƙetare haddi, da jama'ar addinin da take fakewa da sunansa.

Kaburbura biyu a Maijirgi

Mu fara da gida, tun da gani ya kori ji. A Maijirgi, kan hanyar da ta tashi daga Tasawa ta nufi Damagaram, akwai kaburburan wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda a shekarar 1899 suka taso da runduna daga bakin Kwara da nufin isa Tabkin Cadi, suka bi ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa, suna kama mata da yara, suna barin gawa a rijiyoyi, har suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da ba a manta ba har yau. Da labarin ya isa Faris, sai gwamnati ta aiko da Kanar Klobb ya karɓe rundunar daga hannunsu. Ya bi sawunsu ta cikin toka da ƙasusuwa har ya cim musu a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, Voulet kuwa ya ba da umarni aka harbe shi, ya tara mutanensa ya shaida musu cewa ya rabu da Faransa, daular kansa zai kafa. Ba a cika kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu baki, suka kashe su su biyun.

Kakanninmu da suka ga wannan bala'i suna ɗaya suka ba masu yin sa: Nasara. Kalmar kuwa asalinta a Larabci mabiya Annabi Isa take nufi, amma a bakinmu ta haɗa farar fata da Kirista a buhu guda, saboda haka tun daga ran nan aka rubuta wutar Voulet a littafin bashin Kiristanci, alhali mutumin bai gina majami'a ba, bai kira kowa zuwa wani addini ba, suna da mulki kawai yake farauta. Ba ina wanke mulkin mallaka ba ne, domin ragowar rundunar nan ita ce ta ci Damagaram da bakin bindiga kafin watan ya ƙare, haraji da aikin tilas kuma suka biyo baya. Abin da nake so mai karatu ya lura shi ne, sunan nan guda ya rufe mutane iri iri. Wanda ya ƙone gari Nasara ne, wanda aka harbe yana ƙoƙarin tsayar da shi Nasara ne, haka kuma 'yan mishan na SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924, suka zauna Tsibiri bayan 'yan shekaru, suka buɗe likitar Galmi a 1950 da ta kutare a Danja kusa da Maraɗi, waɗanda hukumar Faransa kanta ta daɗe tana yi wa kallon zargi don Furotesta ne masu Ingilishi.

Ba su ɓoye cewa kira zuwa addininsu ya kawo su ba, galibin mutanenmu kuma ba su amsa ba, har ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Amma lokacin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, wani ma'aikacinsu mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya dage wa manoman jihar Maraɗi a kan su daina tumɓuke kututture in suna sassabe, su zaɓi tsiro biyu ko uku su raina har su zama itace. Manomi ya yi sallarsa biyar, ya bar gawo da kalgo da sabara a gonarsa, ba wanda ya ce inuwar gawon ta Nasara ce. 'Yan kaɗan ɗin da suka karɓi Kiristanci kuwa Gobirawa ne da Katsinawa irinmu, askarsu irin tamu, tuwonsu irin namu. Ƙa'ida ta farko ke nan: suna ba hujja ba ne, kama da wane ba wane ba ne.

Tsohuwar cuta

Guluwwi ba baƙo ba ne a tarihin addinai. Tun sahabbai suna raye, bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, wasu mutane suka fice daga rundunar Sayyadina Aliyu, suka ce ya kafirta saboda ya yarda a yi tahkimi ta hannun mutum biyu, wanda bai kafirta shi ba kuma ya bi shi. Su ne Hawarijawa. Ba mashaya ba ne, ba kuwa masu wasa da salla ba. Masu tarihi sun siffanta su da yawan tilawa da tsayuwar dare har goshi ya yi kanta. An ruwaito cewa ranar da suka kama Abdullahi ɗan Habbabu, ɗan sahabi, ɗayansu ya tsinci dabino guda da ya faɗo daga bishiya ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca a kan ya ci abin da bai saya ba, har ya tofar. Jim kaɗan kuma suka yanka Abdullahi a bakin kogi, suka kashe matarsa tana da juna biyu, ba wanda gabansa ya faɗi. Wanda ya fahimci wannan ƙissa ya fahimci cutar ɗungurungum: tsantseni a kan dabino, ganganci a kan jini.

Yadda Sayyadina Aliyu ya yi da su shi ma darasi ne. Ya fara aika musu Abdullahi ɗan Abbas ya yi munazara da su, hujja da hujja, har da yawa suka tuba suka komo. Bai hana su masallaci ba, bai zare musu takobi ba sai da suka zubar da jini, sa'an nan ya yaƙe su a Naharawan a shekara ta 38, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya sare shi a Kufa da asuba cikin Ramalan na shekara ta 40. Duk da haka jamhurun malamai ba su fitar da su daga Musulunci ba, sun dai hukunta su da ɓata da tawaye. A nan amsar tambayar teburin mai shayi take: aikin haramun ne ba tare da wani tawili ba, masu yin sa azzalumai ne da ya wajaba hukuma ta tsayar, amma hukuncin abin da ke cikin zuciya na Allah ne, mai hankali kuwa ba ya gaggawar aro sana'ar kafirtawa daga hannun waɗanda ita ta halaka su.

Ƙasarmu ma ta san wannan mas'ala tun fiye da shekara ɗari biyu. Malam Jibrila ɗan Umaru, babban malamin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi har Agadas, ya tafi a kan cewa masu aikata wasu manyan zunubai sun kafirta; Shehu kuwa, duk da girman da yake ba shi, ya rubuta ya saɓa masa, ya bayyana cewa Ahlus Sunna ba sa kafirta Musulmi da zunubi, ya kuma yi raddi mai yawa ga ɗaliban da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi ba. Bayan an fara jihadi, Shehu Laminu na Barno ya aiko da wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla da azumi, Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kuma adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri. Jikokin Katsinawan Maraɗi da Tasawa da Gobirawan Tsibiri suna da nasu ra'ayi a kan wanda ya fi gaskiya, Sakkwatawa suna da nasu, ba kuma nan ne wurin yanke wannan shari'a ba. Abin lura shi ne, manyan nan duka sun yarda kafirtawa abu ne mai nauyi wanda sai da hujja a rubuce, da sunan mai rubutu a ƙasa, da damar a mayar masa da martani.

Kiristanci shi ma bai tsira ba. A ƙarni na huɗu na Miladiyya, a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, inda samarinmu suke zuwa cirani, wasu daga cikin mabiya wani limami mai suna Donatus sun yi ta yawo a ƙauyuka da kulake, suna dukan limaman Kirista 'yan'uwansu da sunan tsarkake addini, suna neman mutuwa ido rufe don a kira su shahidai. Agustin, babban limamin Hippo, wato Annaba ta yau, ya yi shekaru yana rubutu yana ƙaryata su.

Wa wuƙar take fara yanka?

In mai karatu yana son gwaji mai sauƙi, wanda ba ya bukatar ya san nahawu ko usulu, sai ya tambaya: wa wannan ƙungiya ta fi kashewa? Da ƙungiya wakiliyar addini ce, da mutanen addinin su suka fi kowa aminci daga gare ta, kamar yadda garke yake aminci daga karen makiyayi. Abin da tarihi ya nuna kishiyar haka ne.

Maitatsine, da ya tayar da fitina a unguwar 'Yan Awaki ta Kano a watan Disamba na 1980, inda hukuma ta ƙirga rayuka fiye da 4,000, Musulmin Kano ya ɗauka kafirai. Muhammad Yusuf na Maiduguri, jagoran Boko Haram, tun kafin rikicin Yuli na 2009 malamai suke yi masa raddi a fili, cikinsu har da Shehu Ja'afar Mahmud Adam da Shehu Muhammad Auwal Albani na Zariya, wanda aka harbe tare da matarsa da ɗansa ranar 1 ga Fabrairu 2014, Shekau, magajin Yusuf, kuma ya fito ya yi alfahari da kisan. Ranar 28 ga Nuwamba na 2014 ɗin aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, mutum fiye da ɗari suka rasu cikin sahu. A nan Nijar, bayan abin da Boso da Difa suka gani tun daga Fabrairu na 2015, an wayi gari ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, 'yan bindiga suka kewaye masallacin Fambita a ƙasar Kokoru ana sallar Juma'a, suka kashe mutum 44. Haƙiƙa irin waɗannan ƙungiyoyi sun kashe Kirista, sun kuwa nufe su da gangan, kamar yadda aka yi a majami'ar Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, kuma zalunci ne a rage wa wannan jini nauyi. Amma wanda ya buɗe wa masu sujada wuta ya riga ya faɗa da bakin bindigarsa cewa shi ba wakilin masu sujada ba ne.

Haka abin yake a ɗaya gefen. Joseph Kony na arewacin Yuganda, wanda ya kira rundunarsa ta Ubangiji, ya ce da Dokoki Goma zai mulki ƙasa, 'ya'yan ƙabilarsa ta Acholi, waɗanda galibinsu Kirista ne, su ya fi sacewa da yanke wa leɓɓa da kunnuwa. A watan Oktoba na 1996 mutanensa suka kwashe 'yan mata 139 daga makarantar Katolika ta Aboke; wata sista 'yar Italiya, Rachele Fassera, ta bi sawunsu cikin daji da ƙafa, ta yi ta roƙo har aka sako mata 109. A lokacin Kirsimeti na 2008 kuma suka karkashe ɗaruruwan mutane a arewa maso gabashin Kwango, da yawa a wurin bikin ibada. Kura ko ta yafa fatar tunkiya, a garken tumaki take ɓarna.

Gemu ba laifi ba ne

Sai dai a nan akwai wani kuɗin goron, ƙarami amma mai dafi, wanda muke yi wa junanmu a cikin gida. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, ta biyo hanyar fatake ta shigo Maraɗi, ƙungiyoyin addini kuma suka yawaita bayan Taron Ƙasa na 1991, ba garin da bai ga jayayya ba a kan ƙabalu da sadalu, da maulidi, da wazifa, da sadakar uku da ta bakwai. An raba masallatai, an yi gaba, wani wurin har aure ya mutu. Abin baƙin ciki ne, amma saɓani ne irin wanda littafi yake ɗauka, kuma mun ga cewa malaman da suka fi tsananta wa Boko Haram raddi, har wasunsu suka rasa rai, masu gemu ne da ɗagaggen wando. Wanda ya tsananta wa kansa, ya yawaita nafila, matarsa ta sa hijabi har ƙasa, bai cuci kowa ba. Haka faston da yake wa'azi da lasifika yana cewa ba ceto sai ta wurin Almasihu aƙidarsa yake faɗa, kamar yadda limaminmu yake faɗar tasa ranar Juma'a. Imani da cewa addininka ne gaskiya ba shi ne guluwwi ba, in ba haka ba da duk mai addini ya shiga ciki.

Alamomin da ya kamata a tsorata da su daban ne, kuma sukan zo a jere, ɗaya tana jan ɗaya. Ta farko ita ce kafirta jama'a a dunƙule: mai aikin gwamnati, da ɗan lakwal, da sarki, da limamin gari, da wanda ya yi shiru bai kafirta su ba. Ta biyu ita ce yanke silsila, domin in ka tambayi malami na gaskiya, ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala, wa ya karantar da shi Risala ko Muwaɗɗa, zai lissafa maka malamansa da garuruwansu yana yi musu addu'a, amma mai guluwwi malaman duniya duka 'yan cin amana ne a wurinsa, sai shugabansa kaɗai. Ta uku ita ce raba yaro da mahaifansa, har ya ƙi bin ubansa salla, ya ƙi cin yankansa, ya yi mubaya'a a ɓoye. In waɗannan sun taru, ta huɗu ba ta da nisa, wato halatta jini da dukiya, mutum ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni.

Mai karatu ya ɗauki waɗannan alamomi ya gwada su a kan ƙungiyar Kanungu ta Yuganda, inda aka kulle mabiya a majami'a aka cinna wuta a watan Maris na 2000, aka kuma tono wasu a ramuka, jimla fiye da 700. Ko a kan dajin Shakahola na Kenya, inda a 2023 aka fara tono gawawwakin da suka haura 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Zai tarar da shugaba guda wanda ya ce sauran majami'u duka ɓatattu ne, ya hana makaranta da likita, ya raba mutane da danginsu. Littafin da ke hannu ya bambanta, amma ɗinkin rigar iri ɗaya ne. 'Yan bindigar daji kuwa, da suka addabi iyakar Madarunfa da Gidan Rumji, suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, galibinsu ba su da wata aƙida sai shanu da kuɗin fansa, kuma sa musu rigar addini ƙarin girma ne da ba su cancanta ba.

Wutar taro

Da na tsaya a nan, da malamin lakwal ɗin nan yana da ikon ya ce na yi masa wayo, domin waɗanda suka fi ba Kiristan jihar Maraɗi tsoro ba daga daji suka fito ba. A watan Nuwamba na 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, taro ya auka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da majami'u a Maraɗi. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta Faris ta yi wa Fiyayyen Halitta, an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, 'yan sanda suka ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka mutu, alhali jaridar nan ta marasa addini ce, ta sha yi wa Paparoma da Annabi Isa kansa izgili. A tsakiyar Yuni 2019 kuma, da aka kama wani limami na unguwar Zariya a Maraɗi don ya soki dokar tsara ibada da majalisa take shirin zartarwa, sai aka cinna wa wata majami'a ta unguwar wuta.

Masu wannan aiki ba su yi wa kowa mubaya'a ba. Samari ne na unguwa, wasu almajirai, wasu 'yan kabo-kabo, wasu ma ɓarayi ne da suka ga kasuwa ta buɗe. Kuɗin goro ne ya kama wuta: wani ya yi laifi a Faris, aka nemi "Nasara" mafi kusa, aka samu maƙwabci. Gaskiya ne malamai sun fito a talabijin sun yi kiran a kwantar da hankali a 2015, Shugaba Mahamadu Isufu ya ce masu ƙone wuraren ibada ba su fahimci kome ba a Musulunci, Musulmi da yawa kuma sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Gaskiya ne kuma limamin Zariya da kansa ya ce wa mabiyansa su bar ƙone-ƙone, ya bayyana cewa an yi masa kuskuren fassarar takardar. Amma cewa "ba namu ba ne" ba ta isa a irin wannan wuri, domin namu ne, a gidajenmu suka kwana. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji masu iya magana, kuma karin maganar ba ta ce a zubar da garin ba, ba ta kuma ce a yi musun waken ba. Mai niƙa take gaya wa ta zauna ta tsince kafin ta kai dutse.

Tiya ɗaya

Wanda ya san kasuwar hatsi ta Mayahi bayan kaka ya san abin da ƙauyawa suka fi tsoro: ma'auni mai tiya biyu, ɗaya mai faɗin ciki wadda yake saye da ita, ɗaya kuma an bubbuga gindinta ya lotsa, ita yake sayarwa da ita, a ido kuwa ba ka raba su. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Muɗaffifina, da sunan masu wannan hali, Linjila ma ta yi gargaɗi a kan mudun da mutum yake auna wa wasu. To, yawancinmu da tiya biyu muke auna labarai. In namu ya yi kisa, sai mu ce mahaukaci ne, ko biyan sa aka yi, ko makircin Turawa ne, in nasu ya yi, sai mu ce, "Ka ga addininsu ke nan." Insafi shi ne abin da ka nemi a yi wa addininka ka yi wa na maƙwabcinka.

In kuwa dole sai an auna addini da mutum guda, don me za a zaɓi mafi muni? Sa'ad da 'yan anti-balaka suke farautar Musulmi a Afirka ta Tsakiya daga Disamba na 2013, bayan ta'asar da 'yan Seleka suka yi wa Kirista, babban limamin Katolika na Bangi, Dieudonné Nzapalainga, shi ya sauki Imam Umar Kobine Layama da iyalinsa a gidansa wata da watanni, wani fada ɗan Togo kuma, Bernard Kinvi, ya ɓoye Musulmi fiye da dubu a mishan da likitar Bossemptélé, 'yan bindiga suna yi masa barazana kullum. Ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya shigar da mutum 262, galibinsu Kirista, masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su ga maharan da suka biyo su. Waɗannan ba su yi haka a bayan idon addininsu ba, daga cikinsa suka ɗebo ƙarfin hali, kamar yadda Najjashi, sarkin Habasha Kirista, ya ƙi miƙa sahabban da suka yi hijira zuwa ƙasarsa ga manzannin Ƙuraishawa.

Liman da malamin lakwal ba su gama muhawararsu ran nan ba, kiran magariba ya raba su. Ɗan liman dai yana ajin malamin, naman layya kuma bai taɓa tsallake ƙofarsa ba. Amma akwai abin da ya fi damun liman fiye da tambayar maƙwabcinsa, ya kuwa faɗa mini daga baya da murya ƙasa-ƙasa: wani yaro na ƙauyen, wanda shi ya yi masa huɗuba ranar suna, ya tafi cirani shekara biyu, ya dawo da salula cike da wa'azin mutanen da ba wanda ya san malamansu, yanzu kuma ba ya bin sa salla. Sanin alamomin cuta ba ya gaya mana ta inda take shiga jiki. Wa ya tari yaron nan a tasha, me aka fara ba shi, abinci ko hujja, kuma wace ƙofa ce ta gida aka bari a buɗe har baƙo ya riga uba zuwa zuciyar ɗansa? Wannan hanya, daga gonar gero ta Mayahi zuwa inda ta kai shi, ita za mu bi sawu-sawu a babi na gaba, in Allah ya yarda.